Karan Gonar Baba

Malumfashi

Yaya Alhaji Maiwada,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyali, da gajiyar girbi.

"Muddin ina numfashi, shanun gidan Arɗo Shitu za su ci karan gonar nan bayan girbi, su bar mana taki kamar yadda aka saba." Maganarka ce ranar da muka binne Baba. Na ji kana nan kana numfashi, har ƙiba ka ƙara. Amma ka kori Hussaini ɗan Arɗo, ka cinna wa karan wuta don kada saniya ta lasa, sannan ka ce wa 'yan sa-kai su sa masa ido.

Me ya yi? Laifinsa nake tambaya, ba laifin malafarsa da sandarsa ba.

Ƙanwarka,
Rabi'atu

Ƙarfi

Rabi,

Wa alaikumus salam. Ke kina can kina karance-karance, mu ke zaune da fargaba. An kore shanun Malam Awaisu a bayan gari. Ban ce Hussaini ne ba, amma duk kanwar ja ce. Wanda bai ɗauki bindiga ba, shi ke nuna hanya. Kowa a majalisa ya san haka. Ki bar wa maza maganar maza.

Allah ya shirye ki.
Yayanki

Malumfashi

Yaya,

Sallama. Amin, ya shirye mu baki ɗaya.

Majalisa! Ƙattai a kan benci, ɗaya ya yi tari sauran su ce hadisi ne.

Ka manta shekarar da ka kai masara Kudu, aka sauke ka daga mota, aka farke buhunanka ana neman bam, don kawai an ji Hausa a bakinka? Ka dawo kana huci, kana cewa jahilai ne. Ashe makarantarsu ka shiga, har ka fito da sakamako mai kyau.

Bara ɓarayin nan suka kashe ƙanen Hussaini, suka kore rabin garkensu. Ko gaisuwa ba ka je ba. Shi ma hanyar gidansu ya nuna musu?

Kuma da Inna ta kwanta ciwo bayan haihuwarka, uwar Hussaini ce ta shayar da kai. In a nono ake tsotsar sata, fara miƙa kanka ga 'yan sa-kai.

Ka san abin da ke samun wanda aka ce a sa wa ido. Juma'ar nan, da an sallame salla, ka tsaya a ƙofar masallaci ka janye maganarka da bakin da ya furta ta. In ba ka yi ba, ran Asabar ina tafe da alƙali a fitar min da rabona na gonar. A kai zan sauke Hussaini da shanunsa, in kafa bukkata a tsakiyarsu. Duk mai zuwa nemansa ya fara da ni, 'yar Malam Talha.

Naka rabon kuwa, baɗi ka zuba masa hirar majalisa, mu ga ko tana fid da dawa.

Ka gaida yara.
Rabi'atu