Na Mayar da Baba Kaltungo

Laraba da dare, Hammadu Kafi

Yau na mayar da Baba gida. Likita ya ce a kai shi cikin danginsa, sun yi iyakar ƙoƙarinsu.

Na cire kujerun bayan tsohuwar bas ɗinsa, na shimfiɗa masa katifa, Mama ta zauna wajen kansa. Muna barin Gombe na taka mota, don hankalina ba ya jikina. Sai na ji muryarsa ƙasa-ƙasa: "Iliya, sassauta ƙafarka. Mai kake ƙonawa a banza."

Mutumin da ko kunu ba ya iya haɗiyewa, wai fetur ne damuwarsa. Na ce, "To, Baba."

Na rage gudu, har masu babur suna wuce mu. Ya yi gaskiya kuwa. Ɗan man da na sha ya kai mu, ya dawo da ni, har da saura.

Da zan taho, ya riƙe hannuna ya ce yanzu na fara iya tuƙi. Na kasa gaya masa ba don mai na sassauta ba. Ban so mu isa ba ne.