Takardar da Habibu Ya Kawo

Daren Talata, bayan sallar isha'i

Shekarun baya na taɓa jin wani direba a tashar Kibiya yana cewa wai akwai sankarar jini, kuma har matasa take kamawa, musamman masu yawan shaƙar fetur. Dariya na yi. Na ce sankara ai tamu ce tsofaffi, me za ta ci a jikin saurayi?

To ga Habibuna, shekara ashirin da bakwai, sana'arsa ke nan zuƙo fetur da tiyo a baki yana sayar wa masu babur. Da ya fara ɗashewa, dasashinsa yana jini, ni da bakina na yanke hukunci cewa ciwon shawara ne. Wata biyu uwarsa tana dafa masa saiwoyi, ni kuma ina yi masa gorin lalaci. Watannin nan biyu su ne suka hana ni cin tuwo yau.

Da la'asar ya dawo daga asibiti a Kano. Ya durƙusa ya gaishe ni kamar kullum, sannan ya miƙo takarda.

"Baba, sankarar jini ce. Likita ya ce ba lallai fetur ne ya jawo ba, amma in bar tiyon. Jibi za a fara magani."

Na karɓi takardar, sai na ce, "Saiwoyin fa?"

Ya yi murmushi. "A ba akuya, Baba."

Jibi tare za mu tafi, in Allah ya kai mu. Maganar da na ƙaryata a tasha ta zagayo ta same ni har zaurena. Direba ne ya fara faɗa mini. Na ƙarshe kuwa ɗana ne, Habibu.