Na Ce Wa Iyayen Yarinya Ƙwallo Na Wajensu

Mama Lombe, ki taimake ni kafin in kashe auren ɗan mutane. Ina aiki a wani kamfanin inshora a Kitwe. Kangwa, wani yaron kirki da ke ƙarƙashina, ya roƙe ni in zama shibukombe ɗinsa, wato mai kai maganar neman aure gidan su yarinya. Na amsa, don a ofis an san ni da iya baki.

Na je da faranti a rufe, da kuɗin neman aure a ciki, yadda aka saba, na durƙusa, na tafa hannu. Har nan lafiya lau. Sai kawun yarinyar ya tambaye ni yaushe muke son biki. Harshena ya zame zuwa Turancin ofis, na ce "we'll play it by ear". Da shirun ya yi mini tsawo, na ƙara da "the ball is in your court". Mahaifinta, Baba Chisanga, ya sa aka kawo mini ruwa, aka raka ni ƙofa. Washegari aka dawo da farantin ba a buɗe ba.

Na ɗauka ba su gane ba ne, har na shirya komawa in yi musu bayani, sai matata ta ce Baba Chisanga ai da koyar da Turanci ya yi furfura. Yanzu gaisuwar Kangwa ta koma ɗaga hannu daga nesa. Ni dai ban zagi kowa ba. Ina laifina?

Ɗan Aike, Kitwe

Ɗan Aike, sun gane ka sarai, kuma matsalar ke nan. Magana ta farko ta samo asali ne daga mai kiɗan da ba ya duba takarda, ma'anarta ba mu da shiri, sai yadda ta kaya. Ta biyu daga filin tanis take: na buga tawa, saura ku. Tsakanin abokan aiki babu aibu a cikinsu, kuma na yarda ba raini ya sa ka faɗa ba.

Amma duba abin da tsohon ya ji. Ka shaida masa mai neman 'yarsa bai tsara komai ba, sannan kana baƙo a ɗakinsa ka ce ya yi sauri ya ba ka amsa. Mayar da farantin ya ɗan yi tsanani, sai dai 'yarsa ce, ba taka ba.

Kada ka kuskura ka je yi wa malami darasi. Fara ba Kangwa haƙuri, ku zauna da danginsa ku tsayar da watan biki. Sannan nemi dattijon da gidan ke jin nauyinsa ya shige maka gaba. Ka yi magana da harshen Bemba, a taƙaice. In sun yi shiru, kai ma ka rufe bakinka, ba ƙwallo ake jira ka mayar ba.

Allah ya sa a buɗe farantin wannan karon.

Mama Lombe