Karen Abban Nana Yana Susa

Litinin, 9 ga Satumba, 2024

Karen nan ya fara susa. Tun da safe ƙaf-ƙaf-ƙaf a kicin, ƙafarsa ta baya tana dukan tayil, har na ɗauka wani ne yake buga ƙofa.

Oh ni Saudatu, 'yar Malam Jumare na Fagge, yau ni ce da kare a cikin gida! Tun bayan ƙaramar Sallah yake nan, amma har yanzu in na rubuta sai in ji kamar labarin wata nake bayarwa. To ya zan yi? Tun da ciwon suga ya tafi da idon mijina, Abban Nana, ya zama ɗan zaman falo, mutumin da a da ko ranar Asabar sai ya ƙirƙiro wurin zuwa. Sai da ƙungiyar da ke ba makafi karnukan jagora ta kawo masa Jasper sannan ya koma ofis. Yanzu shi kaɗai yake hawa bus daga Moss Side, unguwarmu a nan Manchester, zuwa cikin gari, ya dawo yana ba ni labarin accounts ɗin mutane kamar ina ganewa.

Malamin masallacinmu ya ce lalura ce, ba laifi, kuma a mazhabarmu jikin kare ba najasa ba ne. Kunnena ya ji. Zuciyata ce ta ƙi ji.

Alhamis, 12 ga Satumba

Cikinsa ya yi jajur, tafin ƙafafunsa ma haka. Abban Nana ne ya shafa ya ji ƙuraje, ya ce in duba masa. Na zura safar roba na leƙa daga nesa-nesa. Na ƙara yawan maganin kashe ƙwayoyin cuta da nake zubawa a ruwan goge ƙasa, tunda ban san abin da yake zubar mana ba. Dama da ruwan nake goge masa ƙafafu duk sanda suka dawo, don Allah kaɗai ya san abin da yake takawa a titin nan.

Talata, 17 ga Satumba

Mun je wajen vet, wato likitan dabbobi, a Fallowfield. Ko gama zama ban yi ba ya ce allergy ne, ya rubuta ƙwayoyin steroid, ya riga mu zuwa bakin ƙofa. Ni dai na fito da jakata a hammata ban ma buɗe baki ba.

Asabar, 21 ga Satumba

Innalillahi! Fitsari a corridor, daidai inda nake bi da alwala. Wai aikin ƙwayoyin ne, suna sa shi shan ruwa ba ƙaƙƙautawa. Na wanke, na sake wankewa, na bi kicin da falo, na kunna kasko na turara gidan har Abban Nana ya fara tari. Shi kuwa gogan ya raɓe a lungu ya sunkuyar da kai. Ban tausaya masa ba, gaskiya.

Juma'a, 27 ga Satumba

Yau ban ji daɗi ba ko kaɗan.

Shekaranjiya suna tsakiyar tsallaka titi Jasper ya zauna ya hau susa. Wata mata ce ta riƙo hannun Abban Nana ta ƙarasa da su. Bai gaya mini ba sai yau, da Ethan ya zo, wato ma'aikacin ƙungiyar da ya horar da su tare. Ya ɗaga ƙafafun karen ɗaya bayan ɗaya, ya girgiza kai. Ya ce daga yau ba aiki. In zuwa ƙarshen Nuwamba bai warke ba, za su karɓe shi su yi masa ritaya, kuma layin jiran wani ya fi shekara.

Abban Nana ya juya mana baya. Ya lalubi kujerar nan ta bakin taga, wadda ya shekara biyu a kanta, ya zauna.

Tunda ba mai karantawa sai ni: da Ethan ya ce za su karɓe shi, sai da wani sanyi ya ratsa mini zuciya. Na ɗan lokaci ne. Da na dubi bayan wuyan mijina sai kunya ta kama ni.

Laraba, 2 ga Oktoba

Zoe maƙwabciyata ta tare ni wajen fitar da kwandon shara. Karnukanta uku, a gadonta suke kwana, Allah ya kyauta. Ta rantse abincin buhu ne yake cutar da shi, nata ɗanyen nama kawai suke ci, gashinsu har sheƙi yake. Na ce to dama karnukan unguwarmu a Fagge wa ya taɓa dafa musu? Kuma ban taɓa ganin wanda aka kai asibiti ba.

Na je wajen mahaucinmu na sayo tumbi, hanta, zuciya da wuyan rago. Ya ce, "Sister, baƙi za ki yi?" Na ce eh. Allah ya yafe mini.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Firiza ta cika da rabon Jasper, na ware masa wuƙarsa da katakonsa da robarsa. Abban Nana ya ji ina yanka ya ce, "Maman Nana, a gidan nan wa za a roƙa a samu hanta?" Dariyarsa ta farko ke nan tun ranar. Na soya masa 'yar kaɗan.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Lashe kwano yake yi tas, amma susa sai abin da ya ƙaru. Kuma Ethan ya kira, na yi suɓul da baka na faɗa masa ɗanyen nama muke ba shi. Ashe ƙa'idarsu ba a ba karnukansu ɗanye, don suna shiga bus da ofis da asibiti, kada su ɗauki wata cuta su kai wa mutane. Cikin ladabi ya yi maganar, irin ladabin nan nasu mai sa ka ji gara a zage ka. Mun koma abincin buhu.

Talata, 15 ga Oktoba

Vet na biyu. Wannan ya fi na farko haƙuri, sai dai duk tambayar da zai yi ni yake kallo: yaushe mijinki ya lura, mijinki yana yi masa wanka? Ga mutum a tsaye da igiyar kare a hannu! Abban Nana ya ce masa, "I'm blind, not absent." Shi ke nan aka ɓata. An dai ba mu shampoo.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Hajiya, mahaifiyarsa, ta kira daga Kano. Ta ce ai Allah ne ya kawo mafita, a mayar wa Turawa abinsu, a samo wa Rabe, wato Abban Nana, wanda zai riƙa riƙe masa hannu. Hajiya ke nan. A Manchester wa yake da ranar riƙe hannun wani? Ya ce mata to, to, in sha Allahu. Da ya ajiye wayar ya ce, "Maman Nana, ni fa ba zan iya komawa zaman nan ba." Muryarsa ce ta ba ni tsoro, ba maganar ba.

Na kira yayata, Yaya Ramlat, a Birmingham na yi mata kuka sosai. Ta ce in share hawaye, akwai wata likitar dabbobi a Erdington, ɓangaren fata ta ƙware, masallacinsu ɗaya. Na ce, "Yaya, Musulma? Kuma kare take dubawa?" Ta ce in zo dai in gani. Ethan ya amince, ya ce zai tura wa likitar bayanan Jasper.

Talata, 22 ga Oktoba

Mun je mun dawo, gajiya lis, amma sai na rubuta.

A jirgin ƙasa Jasper ya kwanta a kan takalman Abban Nana, ko motsi. Yaya ta ɗauke mu a tasha, ta shimfiɗa tsohon zani a bayan mota tana ta a'uzubillahi, muna ta dariya.

Dakta Inaya gajeriya ce, da hijabinta. Abin da ta fara yi shi ne ta gaishe da Abban Nana ta faɗa masa inda kujera take. Daga nan ta durƙusa a ƙasa, gwiwa bibbiyu, Jasper ya lashi hannunta, ko a jikinta. Ni ce ma na runtse ido. Ta kankare fatarsa kaɗan ta duba, ta ce ba ƙuma, ba ƙazwa. Ta birkice shi ta kira ni in matso. Ciki ja, ƙirji ja, haɓa, tafin ƙafa. Bayansa kuwa lafiya ƙalau. Ta ce in abinci ne, da wuya ya tsaya a nan kaɗai. Duk inda ya yi ja, wurin da yake taɓa ƙasa ne.

Sai ta tambaye ni da me nake goge ƙasa. Na faɗa. Sau nawa? Na ce duk inda ya kwanta, da ya tashi. Ina ɗaurayewa? A'a, ai barinsa nake ya bushe don ya fi ci. Ƙafafunsa fa? Na ce su ma da ruwan nake goge su. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ni da na yawata da kare garuruwa biyu ina neman mai laifi, ashe bokitina ne.

Jira nake ta yi mini irin kallon nan. Ba ta yi ba. Ta ce mahaifiyarta ma har gobe ba ta rungumarta sai ta canza kaya. Ta nuna mini wata 'yar jaka a bayan ƙofa, kayan sallarta ne a ciki, daban da na aiki. Ta ce in zaɓi wuri ɗaya a gida da kare ba zai taɓa shiga ba, ya zama nawa. Sauran gidan ruwan ɗumi ya isa, ƙafafunsa ma haka. Turaren wuta kuma in rage, ko in kai shi inda ba ya shaƙa. Ba ta yi alkawari ba, ta ce mu gwada mu gani.

A hanyar dawowa na jira Abban Nana ya ce wani abu. Ko faɗa ne ya yi, in huta. Sai ya lalubo hannuna ya ce, "Kin jure abin da ba ki so saboda ni, na sani." Na juya wajen taga.

Asabar, 26 ga Oktoba

Zoe ta ba mu ƙyauren yara na ƙarfe, an ɗaura a gindin matakala. Sama tawa, ƙasa ta Jasper. A can nake sallah, a can nake turare.

Ƙasan kuwa warin kare take yi, kada in yaudari kaina. Hannuna har ƙaiƙayin ɗaukar kwalbar maganin nan yake. Na kai wa Zoe ita na ce ta ajiye mini, ko na roƙa kada ta ba ni.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Yau sau ɗaya na ji ƙaf-ƙaf, ko kuma ban lura ba ne.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Jan ya koma ruwan hoda, gashi ya fara tsirowa a cikin. Na ɗauki hoto na tura wa Dakta Inaya, ta ce a ci gaba a haka. Abban Nana ya ciro takalmansa na ofis yana gogewa. Na ce, "Malam, ba ka yi gaggawa ba?" Ya ce ƙura kawai yake cirewa.

Alhamis, 28 ga Nuwamba

Ethan ya zo gwaji. Ya sa wa Jasper kayan aikinsa, suka fita su uku, shi yana binsu a baya. Na kasa zama. Na ɗora tukunya na sauke, na ɗora na sauke. Da suka dawo ban tambaya ba, fuskar Abban Nana kawai na duba. Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi! Litinin zai koma aiki.

Na yi wa Ethan waina ya tafi da ita. Na huce da maganar ɗanyen nama.

Litinin, 2 ga Disamba

Sun fita da sassafe, ana yayyafi. Na bi su da ido daga ƙofa har suka kai bus stop. Wani yaro ya wuce da keke a guje, Jasper ya gitta jikinsa a gaban Abban Nana ya tsaya cak, sai da hanya ta buɗe ya ja shi. Gidan ya yi shiru da yawa, ban san me ya sa na lura ba.

Bayan azahar ina kan darduma ina jero 'yan gida kamar kullum. Hajiya, Allah ya ƙara lafiya. Nana a makaranta, Allah ya ba da sa'a. Yaya da yaranta. Abban Nana, Allah ya kai shi ya dawo da shi. Sai na ji bakina ya ce, "Jasper ma, Allah ya raba shi da ƙaiƙayin nan har abada." Na ɗan tsaya, hannuwana a sama. Na yi tunanin in yi istigfari, na rasa na mene ne. Sai na shafa.

Ba dai zan gaya wa Yaya ba.