An Hana Ajiye Mota a Layin Baba

Zuwa ga ƙanena Auta,

Gaisuwa mai yawa da fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da iyalinka. Allah ya ƙara lafiya, ya sa albarka a nemanka. Mu nan lafiya lau. Inna ta warware daga murar da ta yi, har ta koma yi wa kajinta faɗa. Babban ɗana ya yi tsawo, wandunan da ka bari yake sawa yanzu.

Maganar Baba ce ta sa na rubuto. Ka san yadda layin shagonsa yake a tsakiyar gari, motoci sahu biyu a gefen titi, masu bas suna lodi a tsakiya. Ya daɗe yana mita wai motocin mutane sun tare masa ƙofa, ba a ganin ɗinkin da ya rataye. Shi ya haɗa kan maƙwabcinsa mai takalma da sauran 'yan layi, suka yi ta sintiri a ofishin hukuma har aka saurare su. Aka shafa jan fenti a bakin titi alamar an hana ajiye mota, aka kawo motar jan motoci, aka buɗe filin ajiye mota can bayan tsohuwar tasha. Maganar gaskiya titi ya buɗe, yanzu ina isa wurin aiki a kan lokaci.

Sai dai an gudu daga gara an faɗa wa zago. Ashe masu tare masa ƙofar su ne masu kawo masa ɗinki. Yanzu kowa wucewa yake yi, ba mai tsayawa. Tsohon hedimasta, wanda Baba ke yi wa ɗinki tun muna yara, yana tsaye hannu a miƙe ana auna shi aka ja motarsa. Bai sake zuwa ba, aike ya yi aka karɓo masa yadinsa.

Kawu ya samo masa rumfa a bakin filin motocin, mai rumfar ya ce zai jira zuwa ƙarshen wata, in ba a zo ba ya ba wani. Baba ya ƙi. Ya ce shi ya nemi a gyara titi, ba zai zama na farkon guduwa ba har mai takalma ya yi masa dariya. Shi kuwa mai takalman tuni ya kama tasa rumfar a can, bai dai gaya wa Baba ba.

Kullum da hantsi Baba yakan rufe shago ya fita, wai likita ya ce ya riƙa motsa ƙafa. Shekaranjiya ina cikin bas na hango shi a ƙofar filin, tsaye a rana da wannan gwiwar tasa mai ciwo, tef ɗin awo a wuya, yana leƙen fuskokin masu fitowa daga mota ko zai ga wanda ya sani. Abin ya taɓa min zuciya, ban iya kiransa ba. Ka buga masa waya, kai yake ji. Ka ce shawararka ce ya karɓi rumfar, kada ka ambace ni.

Ka gaida matarka da 'yan biyu. Inna da Kawu da Goggo suna gaishe ka. Baba ma yana gaisuwa, ya ce in ka tambaya a gaya maka kasuwa tana tafiya daidai.

Taka,
Yaya Babba