Mabiyiyar da Ba Mu Binnewa

Zuwa ga Gwaggo Dije, ungozomar unguwarmu a Bakori.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ladabi, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Hanne ce, 'yar ƙaninki da kika riƙe tun tana shekara uku. Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwarki. Har an yanke mana jihar Katsina bara waccan, ba ki gani ba.

Ina ƙasar Turawa, ina karatu a kan ciwon daji. Akwai abin da na daɗe ina jin nauyin faɗa miki: da mabiyiya muke aiki. Duk safiyar Talata nakan je asibitin haihuwa in karɓo ta cikin ƙanƙara, da izinin masu jego. Mu yayyanka, mu niƙa, mu tace.

Ranar farko kasa riƙe wuƙar na yi. Na tuno ki durƙushe a bayan ɗaki, kin wanke ta tas, kin naɗe a tsumma mai tsabta kafin ki binne. Kikan ce, "Wata tara ta yi tana ciyar da mutum, ba a wulaƙanta ta." Na fita na yi kukana, na dawo na yi bisimilla.

Ga abin da muke nema. Jikin mutum ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani. Cikin kowace akwai sinadarin da ke liƙa 'yar alama a kan furotin, wato abin da ke gina jiki, sai ƙwayar ta rabu biyu ta ƙaru. Akwai kuma mai cire alamar don ƙwayar ta dakata, ana ce masa tairosin fosfatez, kuma daga mabiyiya aka fara tace shi ba da daɗewa ba. A ciwon daji ƙwayoyin ba sa daina ƙaruwa. Muna so mu gane ko mai cirewar ne ya gaza, ko kuwa wani lokacin da hannunsa a ɓarnar. In an gane, sai a nemi maganin da zai nufe shi kai tsaye.

Ke kika fara yin tambayar, Gwaggo. Hutun da na dawo daga makarantar kwana a Malumfashi, ina cuɗa miki baya na ga ƙullutu a nononki na hagu, har ya fashe. Kika ja zane, kika ce kada Baba ya ji sai an gama cirar auduga. A ranar na gaya masa. Kwana biyu ba ki amsa gaisuwata ba.

Iya Bose mai shagon atamfa a Funtuwa, wadda kika karɓi haihuwar 'ya'yanta biyar, ita ta samo mana mota zuwa Zariya. Likita ya duba ya ce an makara. Ba ki tambaye shi kwanakin da suka rage ba. Cewa kika yi, "Likita, me ke sa shi girma?" Ya ce har yanzu ba a gama sani ba. Kika gyaɗa kai, kika yi masa godiya don bai ruɗe ki ba.

Kin rasu ina tsakiyar jarrabawa, kuma ke kika hana a aiko mini. Na iso an riga an yi sadakar bakwai. Ƙwaryar da kike wanke jarirai kawai na roƙa a bar mini.

Ni ma ba zan ruɗe ki ba. Ba mu da magani tukuna, wataƙila sai bayan raina. Amma mun fara ganin bakin zaren.

Gwaggo, ina da ciki wata shida. Maigidana yana iya ƙoƙarinsa, likitocin nan ma sun san aikinsu. Sai dai ba mai dafa cikina ta ce kwanciyar ɗan ta yi daidai, ba mai dama mini kunun kanwa, ba mai yi mini faɗa in na ɗaga abu mai nauyi. Jiya ina tsaye wurin aiki ya motsa da ƙarfi. Ban san lokacin da na waiga in gaya miki ba.

Allah Ya haskaka makwancinki, Ya sa jinyar da kika sha ta zama kaffara. Ni kuma Ya sauke ni lafiya a hannun baƙi.

Taki har kullum,
Hanne