Baitin nan aro ne

Ulamila,

Na bi motar safe zuwa Labasa. Likita zai zare haƙoran robar ya duba inda aka cire nawa, don ya hana ni taɓa su da kaina.

Jiya shugaban mawaƙan coci ya ba ki baitina saboda kumburin bakina. Kika dawo kina shan rake a gabana, kina cewa, "Yaya, ki huta mana, yanzu kam feɗuwa kike yi, ba waƙa ba." Na ji. Shekara goma sha tara ina jan baitin nan.

Ki gaya masa aro ne, na Lahadi biyu kawai.

Muryarki da daɗi, ban musa ba. Amma a layi na uku kina sauri.

Salanieta